Wane ƙaramin gari na bakin teku zan je a Girka ni da iyalina?

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya, ya ce zai je taro a Atina ƙarshen watan Mayu tare da uwargida, bayan taron suna da rarar kwana 3, abokansa duk sai ce masa suke Santorini Santorini, shi kuma ba hayaniya yake nema ba, ƙaramin gari yake so a bakin teku inda za su huta, sannan yana jin tsoron maganar abinci da sallah da kuma kar aljihu ya yi kuka.

To Malam, ni na zauna a ƙasar nan shekara 6, karatu ya kai ni, kuma duk baƙon da ya zo min daga gida ni nake zagayawa da shi, saboda haka abin da zan faɗa maka abin da ƙafata ta taka ne. Ku je Nafplio. Kar ka wahalar da kanka da wani dogon lissafi.

Santorini tana da kyau, ba zan ce maka babu ba, amma tsibiri ce, jirgin ruwa daga tashar Piraeus awa 5 ne in ka samu mai gudu, in babba ne kusan awa 8, kaga zuwa da dawowa sun cinye maka kwana biyu cikin ukun, ga tsadar ɗaki, ga mutane kamar ranar hawan Daushe kowa na ture kowa don ya ɗau hoton faɗuwar rana. Nafplio kuwa a ƙasa take, a yankin Argolida cikin Peloponnese, kudancin Girka, kilomita wajen 140 daga Atina, mota ce za ta kai ka. Ka je tashar Kifissos ka nemi bas ɗin KTEL mai zuwa Nafplio, awa 2 da 'yan mintuna, kuma lokacin da na bi ta ƙarshe kuɗin mutum ɗaya bai kai yuro 20 ba. In daga filin jirgi za ka wuce kai tsaye akwai bas X93 da ke kai mutum har wannan tashar. A hanya ku sa ido sosai wajen Koranti, za ku tsallake wata mashigar ruwa da aka yanka cikin dutse aka buɗe a 1893, tsawonta ya ɗan haura kilomita 6, siririya ce mai zurfin gaske, in ka sunkuya kana duba waya ta wuce ka. Daga nan kuma sai gonakin lemo da zaitun har ka shiga gari.

Garin mutanensa ba su wuce dubu goma sha wani abu ba, tsohon garin kuma a ƙafa za ka gama shi cikin rabin awa in sauri kake. To amma saurin ne bana so ka yi, kuma wannan shi ne babban abin da nake so ka riƙe a duk maganar nan. Na sha ganin mutanenmu sun zo da safe, sun hau dutse, sun ɗau hoto, ƙarfe 3 na rana sun ga shaguna a rufe tituna ba kowa sai kyanwoyi, su ce ai garin mutuwa ne su koma Atina. Alhali garin barci yake. Girkawa suna da lokacin shiru na rana wanda har doka ta san da shi, a lokacin zafi daga 3 zuwa 5 da rabi ba a son hayaniya, ba a buga ƙofar mutum, ba a kiran waya sai dole. Sai rana ta yi sanyi za ka ga gari ya farka, tsofaffi da jikoki da 'yan mata da samari kowa ya yi wanka ya fito yana takawa a hankali a bakin ruwa, suna kiran wannan yawon volta, ba inda za su, takawar ce kawai da gaishe-gaishe. Abincin dare sai 9 ko 10. In ka shiga gidan abinci ƙarfe 6 kai kaɗai za ka zauna ko kai da Jamusawa. Don haka ku bi agogonsu, fita da sassafe, ƙailula bayan azahar, sannan ku sake fita bayan la'asar sakaliya har dare. Wanda ya tashi a Kano ko Zinder lokacin bazara ai ba sai an koya masa wannan ba.

Ka yi ƙoƙari kwanakinku su faɗo tsakanin Litinin da Alhamis, domin Juma'a da yamma mutanen Atina suke kwararowa hutun ƙarshen mako, ɗakuna su yi tsada. Ka kama ɗaki cikin tsohon gari, akwai ƙananan masaukai na iyali da yawa a tsofaffin gidaje, amma ka tambaya tun kafin ka biya ko akwai matakala da yawa kafin a kai ƙofar, don garin a jikin dutse yake, wasu lungunan ba mota sai hawa, in kuna da manyan akwatuna ko Hajiya na fama da gwiwa abin ba daɗi. Kuma akwai wani ɗan haraji na kowane dare da ake biya daban a masauki, na gwamnati ne, kar ka ɗauka cutarka za a yi.

Yanzu garin kansa. Abin da zai fara tsare maka ido shi ne ganuwar da ke saman dutse, Palamidi, tsayin dutsen mita 216. Mutanen Benis, birnin nan da ke Italiya a yau, su ne suka gina ta tsakanin 1711 da 1714 da ƙudurin ba mai iya cin ta, shekara ɗaya tak bayan gamawa, a 1715, Turkawa suka ƙwace. Mutanen gari za su ce maka matakalarta 999 ne, waɗanda suka ƙirga dai sun samu ɗari 8 da wani abu, ko ma nawa ne wallahi cinyoyinka za su sani. Ku hau da sanyin safiya da ruwa a hannu da takalmi mai kama ƙasa don duwatsun sun yi santsi saboda taku, in kuma ba za a iya ba taksi na zagayawa ta baya ta kai ku har ƙofa, sai ku sauko a ƙafa. Daga sama za ka ga jajayen rufin gidaje, ga teku shuɗi shar, ga wata ƙaramar ganuwa zaune tsakiyar ruwa ita kaɗai, ita ce Bourtzi, ita ma ginin mutanen Benis ce tun wajen 1473. Ta yi aikin tsare tashar jiragen ruwa, daga baya ta zama gidan haunin gwamnati saboda mutanen gari sun ƙi yarda mai yanke kai ya zauna cikinsu, can baya kuma ta zama otal. Ƙananan kwale-kwale na kai mutane daga bakin tasha, 'yan mintuna ne.

Amma ni inda ya fi taɓa ni ba saman dutsen ba ne, dandalin tsakiyar gari ne, Syntagma, wanda aka shimfiɗe da farin dutse yara na guje-guje a kai har tsakar dare. Ka tsaya a tsakiya ka juya a hankali. Za ka ga gini mai ƙubba a gefe guda, jikinka zai ba ka cewa wannan masallaci ne, kuma masallacin ne. Suna ce masa Trianon, bayan tafiyar Turkawa an mai da shi makaranta, an mai da shi silima, yanzu wasan kwaikwayo da taruka ake yi a ciki. A ɗaya kusurwar akwai wani mai babbar ƙubba, Vouleftiko, shi ma masallaci ne, kuma a cikinsa majalisar dokokin Girkawa ta zauna a 1825 lokacin suna tsaka da yaƙin neman 'yanci, a bayansa kuma ga tsohuwar madarasa da aka mayar kurkuku. Can sama cikin lungu cocin Katolika na garin ma asalinsa masallaci ne. In kana yawo za ka ci karo da tsofaffin famfunan dutse a jikin bango da rubutu da haruffan Larabci, harshen Turkancin da ne, kamar dai yadda muke rubuta Hausa da ajami, za ka iya haɗa baƙaƙen amma ma'anar sai wanda ya san yaren.

Dalili kuwa Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba ta Shehu ba, ta riƙe garin daga 1540 zuwa 1686, sannan daga 1715 zuwa 1822. Ranar farko da na gane abin da nake kallo na daɗe a tsaye jikina a sanyaye, ace wuri an yi ta sujada a cikinsa shekaru aru-aru yau ba ko mutum ɗaya da zai kira sallah. Kai ma za ka ji haka, kuma ba laifi ba ne ka ji. Sai dai ina roƙonka ka san yadda su suke kallon abin kafin ka buɗe baki da wani a kai. A wajen Bagirke wancan zamanin zamanin mamaya ne, yaƙin da aka fara a 1821 kuma an zubar da jini ta kowane ɓangare, Musulmin yankin Peloponnese wasu an kashe su wasu sun gudu, shi ya sa ba ka ganinsu yau, su ma Girkawa suna da nasu garuruwan da aka yi wa kisan gilla suna tunawa har gobe. Ba maganar da za a warware a kan teburin shayi ba ce. Ka kalla, ka yi addu'arka a zuci, ka wuce.

Kuma a wannan ɗan garin aka fara ƙasar Girka ta yau fa, shi ne babban birninta na farko kafin a koma Atina a 1834. Shugabansu na farko Ioannis Kapodistrias a nan aka kashe shi a 1831, a ƙofar cocin Agios Spyridon zai shiga ibada da safe, wasu 'yan gidan Mavromichalis su biyu suka far masa, har yanzu akwai gurbin harsashi a bangon an rufe shi da gilashi. A nan kuma sarkin da manyan ƙasashen Turai suka naɗa musu, Otto ɗan Babariya ta Jamus, ya sauka a 1833 yana matashi. Gidan tarihi da ke bakin dandalin, tsohon ginin mutanen Benis na 1713, ku shiga ko don sulken tagulla na Dendra, ya haura shekara 3,000, da hular da aka jera mata haƙoran aladen daji.

Akwai kuma wani abu da zai ba ka mamaki, za ka ga dattijo zaune a gidan shayi yana jan carbi yana kaɗa shi yana ƙas ƙas, ka ce a'a ashe da Musulmi a nan. Ba carbi ba ne, komboloi sunansa, ba tasbihi ake da shi ba, abin ɗebe kewa ne kawai da rage damuwa, wasu don su daina shan taba suke riƙewa. Ka lura 'ya'yansa a sake suke da fili a zaren don su riƙa zamewa suna bugun juna. A titin Staikopoulou akwai ɗan gidan tarihinsa, sama an jera carbunan Musulmi da na Hindu da na mabiya Buda da na Kiristoci, ƙasa kuma shago ne ana sayarwa, wasu na kahraman na gaske masu tsada. Tsaraba ce mai kyau ga dattijo, amma ka ƙirga 'ya'yan, ba lallai su zo 33 ba.

Sai abinci, wanda na san shi ya fi damunka. Gaskiya ɗaya ce, alade ne naman yau da kullum a Girka. Wannan tsiren nasu souvlaki da gyros mai juyawa kamar shawarma, in ba a faɗa maka wani abu daban ba to alade ne. Ka haddace kalmar hirino, ita ce alade. Kotopoulo kaza, arni rago, moshari naman sa, psari kifi. Ko kazar ma sau da yawa a kan waya ɗaya ake gasa ta da aladen, ga kuma maganar yanka, wadda malamai suka yi bayani a kai kowa da abin da ya natsu da shi, ni dai a garin nan kifi da ganye nake bi kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Suna da wani rukunin girki da suke kira ladera, kayan lambu ne da man zaitun da tumatir ba nama, a ciki har da kuɓewa, bamies, sai dai su guda-guda suke dafa ta ba sa so ta yi yauƙi. Akwai gemista, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, ka dai tambaya ko an sa niƙaƙƙen nama, ka ce horis kreas wato ba nama. Akwai gigantes manyan wake a miyar tumatir, akwai fava mai kama da faten wake, akwai salak ɗin ƙauye da cukunsu na feta a kai. Wata kalma mai amfani ita ce nistisimo, abincin azumin Kiristocinsu ne, ba nama ba madara, kowane mai gidan abinci ya san ta. Abin da za ka kula kawai giya, krasi, suna zuba ta a wasu girke-girken musamman na nama da na octopus, wata halittar teku mai hannaye takwas, wani lokacin kuma wata barasar tasu ouzo a cikin jatan lande, ka tambaya za su faɗa maka gaskiya.

Kifi kuma a kula, manyan da kilo ake sayarwa ba da faranti ba. Na taɓa raka wani baƙo ya nuna kifi da yatsa bai tambaya ba, da takardar kuɗi ta zo sai da ransa ya ɓaci, kuma ba cutarsa aka yi ba, a rubuce yake kuɗin kilo ne. Ka ce a auna a gabanka a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. In ana son sauƙi ƙananan kifi, gavros da sardeles, su suka fi arha kuma su mutanen gari suke ci. Bayan kun gama za a iya kawo muku kyauta, ɗan zaƙi ko kankana, wani lokacin kuma ɗan ƙaramin kofi na abu fari kamar ruwa, wannan barasa ce, ka sa hannu a ƙirji ka ce efharisto, ba wanda zai ji haushi. Ba za su kawo muku takardar kuɗi ba sai kun nema, a wajensu rashin kunya ne a kori baƙo daga tebur, kuna iya zama awa 2 a kan kofi ɗaya. Abincinsu ba yaji, ni da ɗan garin yajina nake tafiya. Amma dan Allah kar a ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi.

Sallah a ɗaki za ku yi, babu masallacin da ake sallah a Nafplio. Alƙibla kudu maso gabas take daga can, ba gabas ɗin da muka saba ba, ka duba manhaja a waya. Ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai wajen 8 da rabi na dare, isha'i ta kai 10 da wani abu, asuba kuma da wuri, ku shirya wa wannan. In Juma'a ta same ku a Atina akwai masallacin Votanikos da aka buɗe a Nuwamban 2020. Ku tafi da ƙaramar buta ta roba don bayinsu ba tiyo, kuma a yawancin wurare ba a jefa takarda a masai, kwando ake sawa saboda bututunsu sirara ne. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta.

Maganar wanka a teku, kusa da gari akwai Arvanitia, tsakuwa ce ba yashi ba kuma ruwan na yin zurfi da wuri, wanda bai iya iyo ba kar ya yi wasa da ita, a jikin duwatsun ma akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, taka ta ba daɗi. Karathona ta fi, yashi ce ruwan kuma ba zurfi, akwai hanyar ƙafa daga Arvanitia ta bakin teku wajen kilomita 3. Shigar mutane a bakin ruwa ka riga ka san yadda take, in hakan zai takura ku ku je da hantsi kafin a cika. Hijabin Hajiya ba wanda zai hana ta, za a dai kalla, musamman tsofaffi, kallon baƙo ne galibi. Ba zan ce maka ba a samun mai wariya ba, a Atina an sha tsayar da ni a tambayi takardu, don haka fasfo ya zama yana jikinku kullum. Amma a Nafplio abin da na fi samu shi ne in na ce Najeriya sai fuska ta washe a ce Giannis, wato Antetokounmpo ɗan ƙwallon kwando, iyayensa 'yan Najeriya ne a Atina aka haife shi, suna ji da shi ƙwarai.

Abu biyu kanana da ke rikita baƙo. Kalmar "ne" a yarensu na nufin e, a'a kuma "ohi", wani ma ba zai yi magana ba sai ya ɗaga gira ya ɗan jefa kai baya, a'a kenan. Na biyun kuma za ka yi dariya, daƙuwa a Girka daƙuwa ce. Ka ware yatsu biyar ka miƙa wa mutum tafin hannu, zagi ne babba, moutza suke ce mata, daidai da namu. To in za ka ce biyar ko ka tsai da mota, bayan hannu ya kalli mutumin.

Rana ɗaya cikin ukun ku ba Epidaurus, kilomita wajen 30. Filin wasan kwaikwayo ne na dutse tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, layi 55, yana ɗaukar mutum wajen 14,000. Ka tura Hajiya can layin ƙarshe a sama, kai ka tsaya a kan zagayayyen dutsen tsakiya ka yi magana da muryarka ta hira ko ka yaga takarda, za ta ji ka ba lasifika ba komai. Mycenae, kufan wani tsohon birni mai ƙofar zakuna, ita ma kusa take, amma kar ku haɗa su rana ɗaya in ba da motar haya ba, bas ɗin ba ya yawan tashi, ku duba jadawali a tasha tun daren jiya.

In Laraba ko Asabar ta same ku a gari ku leƙa kasuwar manoma da safe, a nan za ku sayi zuma da zaitun da busasshen ganyen shayin dutse a kan kuɗin da mutanen gari ke saya, man zaitun kuma a gwangwani za ku saya ku sa a babban akwati, ba a jakar hannu ba. Tikitin komawa ku yanka tun ranar da kuka sauka, kuma ku koma Atina ana gobe jirginku zai tashi, ba ranar ba, don Girkawa na yawan yajin aiki, apergia suke cewa, in ta faɗo ranar tafiyarku jirgin ƙasa na cikin gari da bas duk suna iya tsayawa. Daren ƙarshe kuma ku bar shi ba shiri, ku bi hanyar da ta zagaye dutsen Akronafplia daga bakin tasha zuwa Arvanitia kamar minti 40 kafin magariba, teku a hannun dama dutse a hagu, ku dawo daidai lokacin da ake kunna fitilun Bourtzi.